Ranar da Barkono Bai Yi Haushi Ba

Yayata mai kiwon kaji ce, duk layinmu da Mai Kaji aka san ta. Ni ƙanwarta ce, tela. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a ɗakin da ke kusa da ƙofar gidanta, ni da keken ɗinkina, tun da mijinta ya rasu ta ce in dawo mu riƙa jin motsin juna. Saboda haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba. A gabana aka yi, wani ma da hannuna a ciki.

Yaya ta fara kiwo da 'yan tsaki goma sha biyu a cikin kwali, a gefen murhu. Bakwai suka mutu, ta yi kukanta, ta share hawaye, ta sayo wasu. Yau dogayen ɗakuna biyu gare ta a bayan gida, masu tagogin raga, kajin ƙwai sun fi ɗari huɗu. Gajeriya ce kakkaura, hannunta kuma yana riga bakinta isa wuri. Mu da muka tashi a gabanta mun san ɗanɗanon wannan hannu. Ni har gobe in ta ɗaga shi za ta gyara ɗankwali sai na ɗan kauce, da furfurata da komai.

Ba mugunta ba ce, Allah ya sani. In ba ka da lafiya ita za ta goya ka zuwa asibiti. Ita dai ba ta taɓa yarda akwai abin da duka ba ya gyarawa ba, ko yaro, ko rediyo, ko famfon da ya ƙi kawo ruwa. 'Ya'yanta maza biyu sun girma sun tafi neman na kansu a nesa. Wadda ta rage mata ita ce Auta, 'yarta mace tilo, kuma ita kaɗai ce wannan hannu bai taɓa sauka a kanta ba.

Ɓeraye ne suka jawo mana kare. Sun huda buhunan abincin kaji, sun fasa ƙwai, har yatsun 'yan tsaki suke gutsurewa. Magani ba ya sawuwa a inda kaji ke tsattsaga. Kyanwar da muka aro kuwa, kwana biyu ta yi, ta haɗa ido da wata gafiya a sito, ta haura katanga ko sallama babu. Sai likitan dabbobin da ke zuwa yi wa kaji allura ya ce zai kawo mana maganin abin. Ya zo da shi a cikin aljihun rigarsa ta aiki.

Baƙi ne wuluk, kunnuwa a tsaye, baki mai tsini, gashin wuya ya yi tudu, wutsiya 'yar guntuwa. Yaya ta dube shi sama da ƙasa, abin da bai ɗauki lokaci ba.

"Likita, kare na ce ka kawo min. Wannan ai gafiyar ce za ta goya shi."

"Ɗan hakin da ka raina, Mai Kaji," in ji shi yana dariya. "Irinsu ko sun girma ba sa kai gwiwa, amma ba abin da zai gitta gidan nan bai faɗa miki ba. Ki dai fita da shi ya yi gudu safe da yamma, in ba haka ba zai tone miki gida. Ki auna masa abinci, don ba su san ƙoshi ba. Sannan abu ɗaya nake roƙonki, kada ki dake shi. Irin nan ba sa mantuwa. Abin da kika koya masa da bulala ya zauna ke nan har ya mutu."

"To, mun ji," in ji Yaya, da irin muryar wanda bai ji ba.

Auta ce ta sa masa suna Barkono. Yana wata bakwai ya nuna mana dalilin sunan. Da safe ne, Yaya na janye buhuna a sito, sai ga gafiyar nan ta faɗo, ƙatuwa, ta kusa kai shi girma. Yaya ta nuna ta da yatsa ta ce, "Kama!" Bai yi haushi ba, ko gurnani bai yi ba. Ya cafke ta a bayan wuya, ita kuma ta juyo ta tsaga masa leɓe. Suka yi ta birgima cikin garin abinci, jini na ɗiga a siminti, har ya samu ya girgiza ta sau uku, muka ji ƙas. Ya ajiye ta a gaban Yaya, fuska jina-jina, guntuwar wutsiya na rawa. Tun daga ranar, kalmar nan ta zama tasa, kuma muka gane in zai kama abu shiru yake yi.

Ni ba mai son kare ba ce, kuma ban ɓoye ba. Sau biyu a shekara yake zubar da gashi, ni kuma sana'ata fararen yadudduka, sai ka lissafa irin faɗan da aka sha. Ranar da Yaya ta makara ba ta fita da shi ba, ya tone gindin katanga, ya dawo ya tauna min hannun rigar wata mata da za ta zo karɓa da yamma. Amma kulawa kam ya same ta. Duk mako Yaya za ta zauna a bakin famfo ta taje shi da wani tsohon mataji, ta bi kunnuwa da tsakanin yatsu tana cire kaska tana jefawa a gwangwanin kananzir, ta yanke masa farce. Abincinsa gwangwani ɗaya safe, ɗaya yamma. A gidan da kaji suka fi ɗari huɗu bai taɓa ɗanɗana dafaffen ƙashin kaza ba, don Likita ya ce yana tsagewa ya huda hanji. Katin allurarsa ta haukan kare kuwa, cikin jakar takardun makarantar Auta take ajiye shi. Ba ya shiga ɗakunan kwana. Wurinsa yana bakin ƙofa, gefen wani dogon benci da masu sayen ƙwai ke zama.

Shi ne ƙararrawar gidan. Da rana ƙofa a buɗe take saboda masu saye, Yaya kuma tana can baya cikin kukan kaji, ba ta jin sallama. Amma tana jin Barkono. In wanda ya sani ne, haushi biyu zai yi ya zauna. In baƙo ne, ba zai rufe baki ba sai ta fito. Har ta kai daga cikin ɗakin kaji Yaya kan ce, "Matar mai shago ce, ki ba ta kiret biyu," kuma ita ɗin ce.

Mutum ɗaya ne ya samu haushin da ba na sani ba, ba na baƙo ba. Direban motar da ke kawo mana abincin kaji ne, dogo, mai tsafta, murya ƙasa-ƙasa, in zai gaishe da Yaya har ƙasa yake durƙusawa. Lumbu-lumbu ke nan, wutar ƙaiƙayi. Da Barkono ya ji ƙarar motarsa gashin wuyansa zai miƙe, ya yi ta haushi har kumfa ta fito masa a baki. Ni na san wani abu da ban faɗa ba. Wata rana ta taga na ga Direba ya ɗora diddigen takalminsa a kan ƙafar karen yana murzawa a hankali, fuskarsa ɗauke da murmushi, yana jiran Yaya ta fito. Na ce a raina, kare ne dai, ina ruwana. Wannan shirun nawa har yau yana cina.

Da Direba ya fara neman Auta, har magana ta yi ƙarfi, sai haushin ya zame wa Yaya abin kunya.

"A ce suruki ya zo gaisuwa kare na neman cinye shi a bakin ƙofa? Mutane su ce ni na sa shi?"

"Yaya, Likita fa ya ce kada a dake shi."

"Likita ya san allura, ni na san tarbiyya."

Ta yanko tiyon ba-ruwa, tsawon hannu. Ranar farko da Direba ya shigo Barkono ya taso masa, ta damƙi gashin wuyansa ta ɗaga shi sama, ta zuba masa tiyo a gadon baya, a cinya, a baki. Ihunsa ba irin na kare ba ne, kaji ma sai da suka yi tsit. Ta wurgar da shi ya bugi ƙafar benci. Auta na kuka tana cewa, "Umma, ya isa, don Allah ya isa." Direba kuwa yana tsaye hannu a baya, yana cewa, "A yi masa haƙuri, Umma," idonsa na kan tiyon. Bayan kwana uku ya dawo, karen ya sake, aka sake. Taurin kai gare shi, sai da aka yi mako uku ana wannan. Daga nan, da ya ji takun mutumin, sai ya kwantar da kunnuwa, ya ja ciki ya shige ƙarƙashin benci yana rawar jiki, wani lokaci har da fitsari. Kowa yana samun haushinsa kamar da, ban da mutum ɗaya.

"Kin gani?" in ji Yaya. Ta rataye tiyon a ƙusa, bayan ƙofa.

Aka yi aure. Cikin shekara biyu Auta ta faɗi a banɗaki sau huɗu, ta bugi ƙofa sau biyu, in ji ta. Dangi suka ce a yi haƙuri, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Sai wata safiya ta shigo ba takalmi, ido ɗaya a rufe ya kumbura, haƙora biyu na gaba babu, a wuyanta kuma shatar bel ta zagaye kamar sarƙa. Yaya ba ta yi kuka ba. Ta goya ta kamar jaririya zuwa bakin titi, suka tafi asibiti, daga can ta wuce wurin 'yan sanda. Aka je neman Direba ba a same shi ba. Washegari saƙonsa ya shigo wayar Auta, ya ce ko gawarta ce sai ta koma ɗakinsa.

Na ce a sa sakata. Kwana uku ƙofa na rufe, masu saye na bugu suna komawa, ƙwai na taruwa a sito cikin zafi. Rana ta huɗu Yaya ta zare sakatar.

"Yaya, mutumin nan fa ba a kama shi ba."

"Ga Barkono nan. Ko ƙuda ne ya taɓa ƙofar nan sai unguwa ta ji."

Na ce haka ne. Mata biyu masu furfura, da hankalinmu, ba wadda ta tuna. Mun saba da shirun da yake yi wa mutumin har mun daina ganinsa. Tiyon ma yana nan a rataye bayan ƙofar da muke magana a gabanta.

Kwana tara da dawowar Auta, rana tsaka, ina kan keke na ba taga baya, rediyo na yi, dutsen guga na kan wuta a gefena. Auta na kwance a ɗakin tsakiya. Yaya na ɗakin kaji tana tsince ƙwai. Direba ya bar motarsa a nesa, ya tako da ƙafa, ya turo ƙofa, ya wuce ta bayan tagata, tazarar da ba ta fi taku uku ba. Ban ji komai ba.

Yaya ta ce ɗagowa kawai ta yi don ta miƙe baya, sai ta hango ta raga. Ba mutum ta gani ba, ya riga ya shige. Barkono ta gani yana jan ciki zuwa ƙarƙashin benci, kunnuwa a kwance, layin fitsari na bin sa a ƙasa. Mutum ɗaya ne a duniya ke sa shi haka. Ta saki kiret biyu na ƙwai, ta suri shebur ɗin kwashe kashin kaji.

Ƙarar faɗuwar ƙwan ce ta sa na juyo. Na ga Direba ya fito da Auta daga ɗaki yana jan ta a ƙasa da gashin kai, gwiwoyinta na gurzar siminti. A ɗaya hannun yana riƙe da ƙatuwar sifanar kwance taya. Bakinta a buɗe yake amma murya ta ƙi fita, ashe ya riga ya naushe ta a maƙoshi. Ta kama ƙafar famfo ta riƙe. Ya ɗaga sifanar ya sauke mata a gefen kai.

Yaya ta iso a guje ta maka masa shebur a tsakiyar baya. Ya yi gaba kamar zai faɗi, bai faɗi ba. Ya juyo, fuskarsa ba fushi ko kaɗan, irin fuskar da yake gaishe ta da ita. Ta sake ɗagawa, ya riga ta. Ta tare da hannun dama, na ji ƙashin ya karye daga inda nake, irin ƙarar da na ji ranar gafiya. Ta zube. Ya sa ƙafa ya haure ta a haƙarƙari, ya koma kan Auta, ya tsaya a kanta ya ware ƙafafu, ya kama sifanar da hannu biyu.

Ni ina bakin ƙofar ɗakina, ƙafafuna sun ƙi ɗaguwa. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, tsoro ne ya kama ni. Sai na ji Yaya daga ƙasa, da muryar da ban san ta da ita ba.

"Barkono! Kama! Kama!"

Ya leƙo da kai daga ƙarƙashin benci ya mayar. Ya sake leƙowa, jikinsa duk yana kaɗawa. Ya dubi Yaya, ya dubi bayan ƙofa inda tiyon yake. Wallahi na ga ya duba.

"Kama, ɗan albarka!"

Ya fito kamar an harbo shi, ba haushi, ba gurnani. Ya cafki Direba a agara, can bayan idon sawu, ya datse. Mutumin ya kurma ihu, dukan da ya nufi kan Auta ya sauka a siminti har wuta ta yi tartsatsi. Ya yarfa ƙafa, karen na lilo a jikinta bai saki ba. Ya buga shi da bango, bai saki ba. Ya juya sifanar ya sauke masa a ƙugu, sau ɗaya, sau biyu. Ƙafafun karen na baya suka saki, suka zama kamar tsumma, amma bakin yana nan a inda yake, yana girgiza kai irin yadda ya yi wa gafiya. Jini ya cika takalmin Direba, ya durƙusa a gwiwa ɗaya.

Sai a lokacin ƙafafuna suka tashi. Na fizgo dutsen guga da wayarsa da komai, na manna masa a gefen fuska da duk ƙarfina, na ji ƙaurin fata. Na ɗaga na buga masa a ƙeya. Ya kife. Na fita titi ina kururuwa, ni da ban taɓa ɗaga murya a layin nan ba. Mai shago da masu gyaran babur suka shigo suka danne shi, suka ɗaure shi da igiyar shanya kafin 'yan sanda su zo. Sai da aka sa cokali aka ɓamɓare bakin Barkono daga ƙafarsa.

Auta na numfashi. Jini na fita ta kunnenta, amma ta buɗe ido ta dube ni ta ce, "Inna, ina Umma?" Matan maƙwabta suka kinkime ta zuwa mota. Aka ce Yaya ta taso a tafi da ita, hannunta na reto ta inda ba gaɓa. Ta ce a dakata.

Barkono ba ya inda aka ajiye shi. Ya ja jiki da ƙafafun gaba, ya bar shatar jini a tsakar gida, ya koma ƙarƙashin benci. Yaya ta rarrafa da gwiwoyi da hannu ɗaya har wurin. Ta kwanta a ƙasa, ta miƙa hannun hagu za ta shafa kansa. Da ya ga hannun ya taho, sai ya kwantar da kunnuwa, ya runtse ido, ya maƙale da bango yana jira. Ya taɓa mutumin da aka hana shi, ya san abin da ke biyo baya.

"Ba dukanka zan yi ba," in ji Yaya. "Barkono, dube ni. Wallahi ba dukanka zan yi ba."

Bai buɗe idon ba. Ta ɗora hannun a kan gashin wuyansa, jikinsa na rawa a ƙarƙashin tafinta, tana ta maimaita maganar. Ni da na shekara hamsin da sanin Yaya, ranar na fara jin tana roƙon wani abu. A haka rawar jikin ta tsaya, numfashin ma ya tsaya.

Auta ta rayu, kunnenta na hagu ne bai ƙara ji ba. Direba yana gidan yari yana ɗingishi. Hannun Yaya ya ɗoru a karkace, ba ta iya ɗaga kiret fiye da ɗaya, Auta ce ke tsince ƙwai yanzu. Likita ya zo har sau biyu da wani ɗan kwikwiyo baƙi a aljihu, Yaya ta ce ya mayar, ba ta cancanta ba. Mun sa ƙararrawa ta lantarki, ƙofa kuma kullum da sakata.

Na so in jefar da tiyon, ta hana. Yana nan a ƙusarsa, ta ce a bar mata shi a inda za ta riƙa gani. Katin allurar ma yana cikin jakar takardun Auta. Ranar da ya mutu, wata shida ya rage a yi masa ta gaba.